Ba Sai Kin Zo Ba

Zuwa ga Kawu,

Assalamu alaikum. Gaisuwa mai yawa da ladabi, tare da fatan takardar nan ta same ka lafiya, zaune a kujerarka ta bakin taga. Yaya gwiwa? Yaya kuma idon nan na dama da ka ce yana nuna maka duniya kamar ta bayan labule? Ni lafiyata ƙalau, in ban da ɗan tarin da tururin wurin aiki ya sa mini, shi ma ya fara sauka. Ranar Lahadi na kira ka a waya, na yi ta ɗaga murya kana ta cewa "wa ke magana," har maƙwabciyata ta leƙo ta ga da wa nake faɗa. Na haƙura, na dawo ga biro da takarda, yadda ka fi so dama.

Ka tuna na gaya maka cibiyar koyar da manya ta ɗauke ni gwaji. To, sun tura ni wani babban otal in riƙa koya wa ma'aikatan ɗakin wanki Turanci duk ranar Asabar da hantsi. Kawu, da ka ga ajin nan da ka kama baki. Ɗakin cin abincin ma'aikata ne a can ƙasan ginin, bango ɗaya ne tsakaninmu da injinan wanki. In babban injin ya fara matse zannuwan gado, kofunan shayi sai su kama rawa a kan tebur. Allona kuwa a jikin firji yake jingine, duk mai son ruwan sanyi sai na ɗage masa darasi ya buɗe.

Ɗaliban kusan duk sun girme ni. Akwai Iya Mai Guga, dattijuwa ce da ta isa ta yi jika da ni, hannayenta duk tabon dutsen guga, kuma ba ta taɓa amsa tambaya a zaune ba. Akwai Dogo, direban motar da ke kwasar kaya, wanda ya yarda a ransa cewa shi ya iya Turanci, mutane ne ba su iya sauraro ba. Ina son su, kuma ina jin su ma suna sona.

Ga dalilin takardar. Asabar ɗin ƙarshen wata mai zuwa jami'ar cibiyar za ta zo ta zauna a bayan aji ta kalli darasi guda. A kansa za a yanke hukunci: ko a tabbatar mini da aikin, ko a sallame ni a turo wani. An ma zaɓa mini batun, wato kalmomin da ake amfani da su a Turanci in za a ce abu ba dole ba ne, su needn't da 'yan uwanta. Ba tsoro nake ji ba. A gidanka na tashi, tun ina 'yar ƙarama nake cin abinci da nahawu a gefen kwano. Amma kai ka yi shekaru kana koyar da wannan, ina so in ji ta inda kake kamo shi.

Ka gaishe mini da maƙwabta. Maganin gwiwar nan shafawa aka ce ka yi, ba ajiyewa a kan kabad ba.

'Yarka,
wadda ka laƙaba wa Hedimasta

*

Zuwa ga Hedimasta,

Wa alaikis salam. Takardarki ta iso, na karanta ta da idon hagu, shi ne har yanzu yake yi mini biyayya. Gwiwa tana nan da halinta, muna zaman haƙuri da juna. Tarin nan kada ki raina shi, ki riƙa shan ruwan ɗumi, ki kuma daina tsayawa kusa da ƙofar da tururin yake shigowa. Maganar allo a jikin firji ta sa ni dariya har na ƙware. Amma ni na taɓa koyarwa a rumfar ajiye kekuna, don haka ba ki fi ni shan wahala ba.

To, buɗe kunnenki. Abin da yake kayar da ɗalibai a wannan darasi ɗaya ne. Sun san must na nufin dole, sai su ɗauka in an sauke dolen mustn't za a ce. Ba haka ba ne. Mustn't hani ce, kada ka kuskura. Wanda ya ce maka needn't kuwa bai hana ka komai ba, nauyin kawai ya ɗauke maka, in ka yi ruwanka, in ka bari ruwanka. Don't have to da don't need to duk 'yan gida ɗaya ne da ita. Bambancin kaɗan ne: needn't ta fi fitowa in mai maganar ne da kansa ya yafe maka, don't have to kuma in tsarin wuri ne bai ɗora maka ba. Kada ki ɓata lokaci a nan, masu harshen ma suna cakuɗa su. Ki dai ja musu kunne cewa needn't ba ta jan kalmar nan ta Turanci "to" a bayanta.

Inda ake zubar da gumi shi ne in abin ya riga ya wuce. Didn't need to na nufin babu buƙata, kuma galibi mutum bai yi ba, ya huta abinsa. Needn't have kuwa ta wanda ya riga ya yi ce, ya sha wahala, sai daga baya ya gane ko da bai yi ba babu abin da zai faru. Ta farko hutu ce, ta biyu cizon yatsa. Ki zana musu jadawali a allo, su kwafa, su maimaita bayanki baki ɗaya har bango ya amsa. Haka na yi, kuma har yau in na haɗu da tsofaffin ɗalibaina a hanya da wannan jadawalin suke tsokanata.

Sai wata 'yar magana. Likita ya ce yanar ido ce ta rufe na daman, kuma za a cire ta. Mai yin aikin ba a asibitinmu yake zaune ba, zuwa yake yi lokaci-lokaci, in na bar wannan zuwan ya wuce sai baɗi. Na duba ranar da aka ba ni, na ga ita ce Asabar ɗin darasinki. Ina gaya miki ne don kada ki ji a bakin wani, ba don ki ɗaure kaya ba. Ba sai kin zo ba.

Na ma riga na fara shiri. Ban taɓa shiga aji ban shirya ba, ba kuwa zan shiga makantar 'yan kwanaki da ka ba. Kullum da safe ina ɗaure idanuna da wani tsohon ƙyalle, in tashi daga gado in nemi banɗaki, in nemi madafa, in dawo kujerata. Jiya na samo gwangwanin sukari ba tare da na leƙa ba, ko da yake na gishiri na fara kamawa. Kafin ranar zan san gidan nan da tafin hannuna.

Allah ya yi miki albarka.

Kawunki

*

Kawu,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka, ina gaida gwiwa da idanu duka biyu. Tari ya tafi, ruwan ɗuminka ya yi aiki. Amma don Allah ka kwance ƙyallen nan. Na karanta wurin na yi dariya, daga baya tsoro ya kama ni. Mutum mai ciwon gwiwa, shi kaɗai a gida, yana yawo ido a ɗaure tsakanin murhu da kujeru. Wannan dabarar sai kai.

Na bi tsarinka ranar Asabar. Na zana jadawalin, na rubuta must a sama. Kafin in juyo aji ya kaure da misalai. Dogo ya jero su babu kuskure, har da kwaikwayon muryar shugabansu. Na rubuta mustn't, nan ma haka, ashe tana manne a kowane bango na ɗakin wankin, kusa da injin, kusa da sinadarin wanki, kusa da liftar baƙi. Sai na rubuta needn't na yi bayani. Iya Mai Guga ta miƙe ta ce, "Malama, sake faɗa mini ma'anarta." Na ce, "Ba sai kin yi ba. In kin yi shi ke nan, in kin bari babu mai ce miki komai." Ta jinjina kai ta ce, "To wannan ta masu kwana a sama ce. Mu tun da muke nan ba a taɓa saukowa da ita ba."

Su sun yi dariya, ni kuwa abin ya tsaya mini a rai. Sai na ba su aikin gida: kowa ya nemo abu guda da yake yi kullum wanda babu wanda ya ɗora masa. Na san za ka ce aji ba dandalin hira ba ne. Jadawalinka yana nan ban goge ba, amma da misalansu zan cika shi, kuma na tabbata hakan zai fi zama musu.

Yanzu maganar ido. Ka ce ba sai na zo ba, ni kuma ban karɓa ba. Tun rasuwar matarka Anti ba ka da kowa a gidan nan. Wa zai riƙe maka hannu a matakalar asibiti? Wa zai ɗiga maka magani, tun da na san kai da magani ba ku ga maciji? Da Umma ta rasu ina 'yar shekara kaɗan, kai ka ɗauke ni. Kai ka koyi kitso da hannunka mai alli saboda ni, na je makaranta da kai a karkace ana yi mini dariya ina alfahari. Yau a ce za a taɓa idonka da wuƙa ina can ƙasan otal ina koyar da mutane yadda za su ce ba dole? Wannan ta zama dole a kaina.

Gobe zan sami jami'ar in roƙe ta ta ɗaga ranar. Ina da bakin da zan shawo kanta. In ta ƙi, to na zaɓa, kuma ba aikin na zaɓa ba. Kada ka ɓata tawadarka wajen musu da ni, taurin kan nan a gidanka na samo shi.

'Yarka

*

Kawu,

Assalamu alaikum. Lafiya kuwa? Kwana da kwanaki ina leƙa akwatin wasiƙu, babu komai daga gare ka. Ba halinka ba ne. Na kira wayarka har na gaji, a kashe take. Ni lafiyata lau, hankalina ne ba ya jikina.

Jami'ar ta ƙi. Ta saurare ni da mutunci, ta ce ta tausaya, amma ranar da aka sa ita ce, akwai masu jira a bayana, wanda bai zo ba ya janye kansa ke nan. Bakin da na yi taƙama da shi bai yi mini rana ba.

Na sake karanta takardarka ta ƙarshe. Da farko na ce fushi ka yi don na yi maka gardama, shi ya sa ka yi shiru. Daga baya na ce a'a, idon hagun ne shi ma ya juya maka baya, ba ka iya rubutu, kuma ba ka son in sani. Ko wanne ne, gara in gani da idona. Na je tasha na tambayo motar da ke tashi kafin Asabar ɗin. Ɗalibaina ban gaya musu ba tukuna, na kasa kallon Iya in ce mata wani ne zai zo a madadina.

In kana iya riƙe biro, ko layi ɗaya ne ka rubuto.

'Yarka

*

Zuwa ga Hedimasta,

Wa alaikis salam. Kada rubutun nan ya tsorata ki. Maganar tawa ce, hannun na Tela ne, maƙwabcina mai shago a bakin layi. Na koyar da shi tun bai san zai yi gemu ba, kuma kamar yadda kike gani, gemun ya yi furfura amma rubutun bai gyaru ba. Lafiyata ƙalau. Ido na nan yadda kika san shi, gwiwa ma haka. Fushi kuwa ban yi ba, takardunki biyu suna nan a gabana.

Ga abin da ya faru, kuma na yafe miki dariyar tun kafin ki yi. Atisayena ya yi nisa, har na kai ina zuwa madafa ido a ɗaure ba na dafa bango. Wata ranar da yamma na tuna da wani tsohon littafin nahawu a saman kabad, na ce bari in duba miki ko akwai misalin da na manta. Na jawo 'yar kujera na taka na ɗauko, na zauna ina karatu, na bar kujerar a tsakiyar ɗaki. Da safe na ɗaure ido na taho da ƙarfin gwiwata, irin tafiyar wanda ya san hanya. Sauran kin iya ƙarasawa. Wuyan hannun dama ya karye, wayar da ke aljihuna ta fashe, goshi ya sami nasa rabon.

A asibiti ana naɗe hannun, nas ta tambaye ni yadda aka yi. Da na gaya mata, sai da ta ajiye almakashi ta riƙe ciki. Ashe ido ɗaya ake rufewa, wanda aka yi wa aikin, shi ma ba ya daɗewa a rufe. Ɗayan yana nan a buɗe ina kallon duniya da shi. Ban tambaya ba ne tun farko, saboda malami ya saba shi ake tambaya. To ga misali na ba ki kyauta, ki rubuta a allonki na firji: He needn't have covered his eyes. Tela ya soke shi ya sake, kin ga wurin. Ba za ki sami wanda ya fi wannan ba a kowane littafi.

Yanzu ki nutsu ki ji. Kin ce zuwa ya zama dole a kanki saboda na ɗauke ki. Bari in gaya miki yadda aka yi, don ina jin ba a taɓa gaya miki ba. Da mahaifiyarki ta rasu, dangin mahaifinki a shirye suke su riƙe ki. Gidansu ya fi nawa girma, hannaye sun fi yawa, kuma mutanen kirki ne. Babu wanda ya ɗora mini ke. Ni na je na roƙa. A kwanakin zaman makoki na shigo ɗaki na tarar kin jera takalman baƙi a layi, kin riƙe tsinke kina koya musu karatu, kina yi wa wani silifa faɗa don bai amsa ba. Na ce wannan yarinyar a gidana za ta tashi. Son raina na bi. Abin da aka fara ba da tilas ba, ba na so a ƙare shi da tilas.

Ki kuma duba da idon basira. In kin zo, me za ki yi? Za ki zauna a benci a bakin ɗakin tiyata kina murza yatsu. Tela zai kai ni ya dawo da ni, matarsa ta riga ta karɓe girkina tun ranar da na faɗi, kuma ta fi ki iya sa mutum shan magani, ba ta jin roƙo. Amma a can ƙasan otal babu mai tsaya miki. Dattijuwar nan da ta ce ba a taɓa saukar musu da kalmar ba, ke kika fara saukar da ita, ki ƙarasa.

Ba zan ce kada ki zo ba. Tun da kika girma ban hana ki abu ba, ba kuwa yau zan fara ba. In dai abin da nake so kike tambaya, ina so ranar Asabar ɗin nan ki tsaya gaban allo.

Kawunki

Malama, ni ne Tela. Wannan nawa ne, Malam bai san na ƙara ba. Jikinsa da sauƙi sosai, bakinsa ma ya fi da kaifi, tun da muka fara yake gyara mini zaman biro. Ƙyallen na ɗauke, na yi tsumman goge keke da shi. Ranar aikin zan rufe shago, ba zan matsa daga gefensa ba. Ga lambar wayata a bayan takardar, ni kunnena yana ji.

*

Kawu,

Assalamu alaikum. Sannu da jiki, sannu da hannu, sannu da goshi, sannu da ido. Ban taɓa gaida mutum ɗaya gaisuwa da yawa haka ba. Na yi magana da Tela ɗazu, ya ce an fito da kai lafiya, har ka fara gyara wa nas Turancinta. Da na ji haka na san babu abin da ya taɓa ka. Alhamdu lillahi.

Ka ga dai ban zo ba. Ba zan ɓoye maka ba, da safen nan hanyar tasha na bi zuwa aiki, alhali ba ita ce hanyata ba. Na tsaya ina kallon motar ana ɗaure mata kaya. Sai na tuna silifan nan da ka ce na yi wa faɗa, na juya na kama hanyar otal.

Jami'ar ta riga ni isowa. Ta zauna a bayan aji kusa da kwandon tawul, da biro a hannu, fuskarta ba yabo ba fallasa. Na zana jadawalinka, suka maimaita bayana har bango ya amsa, ka ga na cika maka wannan. Sannan na ce kowa ya kawo aikin gidansa. Dogo ya fara, ya ce shi kullum sai ya wanke tayoyin motarsa, kuma "I mustn't wash them." Kafin in buɗe baki masu ninke zannuwa suka yi masa ca, wai wa ya hana shi? Ya sosa ƙeya ya gyara, "I don't have to wash them." Na tambaye shi to don me yake yi. Ya ce motar da ke ɗaukar kaya masu tsabta bai kamata ta zo da ƙafa mai datti ba.

Da aka zo kan Iya, ta yunƙura za ta miƙe kamar kullum. Na ce mata, "You needn't stand, Iya." Ta tsaya rabi a tsaye tana kallona, ta juya maganar a ranta, sannan ta koma ta zauna a hankali, ta gyara zama sosai. Daga zaunen ta ce, "I don't need to iron the rags." Ashe tsummokan da ake goge ƙasa da su, ita sai ta bi su da guga ta ninke kafin ta ba masu shara. Ta ce su ma hannun mutum ne zai riƙe su.

Sai muka zo kan abin da ya wuce. Na rubuta jimlarka a allo, na ba su labarin wani tsohon malami da ƙyallensa da kujerarsa. Aji ya fashe da dariya, har jami'ar ta rufe baki da takardarta. Suka gane needn't have nan take, ba sai da na maimaita ba. Ina cikin jin daɗi idona ya faɗa kan agogon bango, na san a daidai lokacin kana kwance ƙarƙashin hannun likita. Hawaye suka zubo mini. Na ce musu malamin nan kawuna ne, shi ya rene ni, kuma yanzu haka ake yi masa aikin. Iya ta ce, "Malama, ƙarasa darasinki. Addu'ar mu muna yi a ciki." Na share fuskata na ƙarasa, kuma na ƙarasa da kyau.

Da aka tashi jami'ar ta tsaya ta sha ruwa, ni na ɗage mata allon. Ta ce takarda za ta fito daga ofis, amma ba sai na jira ta ba kafin in yi murna. Kawu, an ba ni aikin. Ajin nawa ne.

Ina murna, kuma raina yana ciwo da ban kasance a bencin nan ba. Duka biyun gaskiya ne, na bar su su zauna tare.

'Yarka

*

Hedimasta,

Wa alaikis salam. Da hannun hagu nake rubuta wannan, shi ya sa haruffan suke tafiya kamar sun sha rana. Na sallami Tela daga aikin magatakarda, akwai maganar da ba na son ta bi ta hannun wani. An cire bandeji. Ido ya buɗe tar. Ashe bangon ɗakina ba ruwan toka ba ne, kuma ashe Tela ya tsufa haka.

Barka da aiki. Ban yi mamaki ba, amma na yi farin ciki har na kasa cin abinci, matar Tela ta yi ta faɗa. Darasinki ya yi. Ni da ba zan bar ɗalibai su yi wa ɗan uwansu ca ba, kuma da ba zan yi hawaye gaban jami'a ba. Amma ni ban taɓa sa dattijuwa ta zauna da jimla ɗaya ba. Ki gaishe mini da ita, ki ce mata tsohon mai ƙyalle ya gode da addu'a.

Kin ce ranki yana ciwo. To bari in gaya miki nawa, kada ki ɗauka ke kaɗai ce. Da aka zo tura ni ɗakin aikin, Tela yana gefena yana ta surutu don ya ɗauke mini hankali, ni kuwa ƙofar shigowa nake kallo. Na san ba za ki shigo ba, ni na ce ki tsaya, kuma da kin shigo da na yi miki faɗan da ba ki taɓa ji ba. Duk da haka na kalli ƙofar har aka juya gadon. Na ji tsoro, kuma ke nake so in gani. Ban yi nadamar abin da na ce miki ba ko kaɗan. Da za a sake, haka zan sake cewa.

Yanzu aiki ya zama naki, na san akwai hutu a cikinsa. In an ba ki, ki taho. Babu abin da za ki yi mini. Girki yana da mai shi, magani yana da mai shi, hannu yana warkewa da kansa, ko tsintsiya ba zan bari ki ɗauka ba. Shekarun nan da kike zuwa gaishe ni, inuwarki kawai nake gani a bakin ƙofa, don na hagun ma sai na kawo abu dab da hanci yake gani, ina gane ki da murya, ban gaya miki ba. Ban san yadda fuskarki ta koma ba tun da kika zama malama.

Ki zo in gan ki.

Kawunki